Alherin da Ya Tsaya a Bakin Ƙofar Majami'a

Mun daɗe muna so mu kawo wannan magana a wannan fili, amma muna ta jan ƙafa, domin magana ce da za ta taɓa mu kanmu kafin ta taɓa kowa. To, abin da ya faru a harabar majami'armu a nan ƙasar Zango cikin bazarar bara ya sa muka ga shiru ba zai yi ba.

Shekarun baya ikkilisiyarmu ta haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin baiko da gudummawar 'yan'uwa masu aiki a birni. Da farko kowa na ɗiba, Kirista da Musulmi, ɗan gari da baƙo. Sai famfon ya lalace har sau biyu, kuɗin gyara kuwa a kanmu ya faɗa mu kaɗai. Dattawa suka zauna, aka ce a sayo kwaɗo, a riƙa buɗewa da sassafe, sai kuma ranar Lahadi bayan sujada. Mai wannan rubutu yana zaune a wurin, bai kuwa buɗe baki ya ce a'a ba, saboda haka kada wani ya zaci muna wanke kanmu ne mu shafa wa wasu.

Ran nan da azahar, rana na dukan ƙeya, sai ga wata mata daga ƙetare, da goyo a baya da yarinya a hannu, za ta cikin gari neman aikin surfe ko wankau. Ta hangi famfo ta ratse. Famfo a kulle, mai riƙe da mabuɗi ya tafi kasuwa. Ta tsaya tana duban kwaɗo, yarinya na kuka. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Musulma, wadda ita ma dokarmu ta hana ta ɗiban rana, ita ce ta yafuto ta, ta ɗebo mata ruwan randa a moɗa, ta kuma dama mata fura. Yaran makarantar Lahadi ne suka gani suka kawo mana labari. Ɗaya daga cikinsu har ya tambaya ko tsohuwar nan ita ce irin Basamariyen da muka koya musu. Muka ce masa ya je ya zauna.

Duk ɗan ƙasar Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Baƙo ya iso gari da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, domin macijin da ke cikin rijiya ba ya barin kowa ya ɗiba sai ranar Juma'a. Abin lura a labarin nan shi ne, kakanninmu sun ɗauki hana mutane ruwa a kan aikin maciji, wanda ya buɗe rijiya kuwa suka ga ya isa auren sarauniya. Mu da muke karanta Linjila kowace safiya, rana kawai muka sake, daga Juma'a zuwa Lahadi.

Ko sunan garinmu ma ya isa ya ja mana kunne. Zango a Hausa wuri ne da fatake ke sauke kaya su huta, su sha ruwa, su shayar da jakuna kafin su ci gaba. Har gobe in ka je Kumasi ko Ankara a ƙasar Gana, unguwar baƙi Hausawa da ita ake kiranta. Tarihin garin kuma tarihin masu neman mafaka ne. A farkon ƙarni na 19, da Malam Ishaƙu ya karɓi Daura a zamanin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya bar gari, zuriyarsa ta yi ta yawo kafin ta kafa sarauta a Zango, wani reshe kuma a Baure, suna zaune ƙarƙashin inuwar Damagaram. Daga Zango ɗin nan Turawa suka ɗauko Malam Musa suka mai da shi gadon sarautar Daura a farkon ƙarni na 20. Wato garin da ya ba sarakuna masauki lokacin da ba su da gida, a cikinsa muka kulle wa mai goyo famfo.

Wace ce ma wannan da muke kira 'yar ƙetare? Layin da ya raba mu da Jamhuriyar Nijar, Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi a kan takarda, ba su shawarci kowa a Yardaje ko Magariya ba. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, aure ya sarƙe tsakanin nan da can, manomi ma na iya kwana a wannan ƙasa gonarsa na waccan. Duk lokacin da manya suka yi faɗa a sama, talakan bakin iyaka ne ke shan duka. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, aka yi fiye da shekara guda. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, aka yanke musu wutar lantarki, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Wannan ya zo daidai da janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka, tiyar gero ta kai farashin da ba mu taɓa ji ba. Tsofaffinmu suna tuna farin 1973 da na 1984, matasa kuma sun ga yunwar 2005 da ta addabi Maraɗi da Damagaram. A kowane karo mata da yara ne ke fara biyo hanya. Ba su zo don sun raina garinsu ba, rumbu ne ya ƙare.

Yanzu bari mu duba abin da aka koya mana. A Luka sura 10, wani malamin Attaura ne ya so Yesu ya shata masa iyakar mutanen da ya wajaba ya ƙaunata, don ya san inda zai tsaya. Ubangiji bai shata masa ba, sai ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka bari kwance a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Mukan yi saurin zargin firist da Balawin da suka ratse suka wuce, alhali kuwa in mun yi adalci, suna da dalilai masu kama da hankali. Wataƙila gawa ce, taɓa ta zai ƙazantar da su, aikin Haikali ya tsaya. Wataƙila 'yan fashin na nan laɓe. Dalilansu ba su fi namu na kuɗin gyaran famfo rauni ba. Wanda ya tsaya ɗin kuwa daga kabilar da Yahudawa ba sa ga maciji da ita ya fito, bai tambayi mai raunin addininsa ba, ya kuma ciro dinari biyu daga aljihunsa, wato ladan ƙwadagon kwana biyu bisa ga lissafin da muke gani a Matta sura 20, har ya yi alkawarin cika abin da ya ragu. Alherin nan ya ci masa kuɗi, ya ɓata masa tafiya.

A Matta sura 25 kuma, inda aka kwatanta ranar shari'a, abubuwan da aka lissafa duka na yau da kullum ne: abinci, ruwan sha, masauki, tufafi, gai da mara lafiya, ziyarar ɗan kurkuku. Mun karanta wurin sau da yawa muna shirya wa'azi, ba mu ga inda aka buɗe rajistar membobi ba, ba mu ga inda aka duba katin baftismar mai ƙishin ba. Ruwan sha kuwa shi ne na biyu a jerin.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin sun faɗa mana a fuska. Na farko, Manzo Bulus da kansa a Galatiyawa sura 6 ya ce a fifita 'yan'uwa masu bi. Gaskiya ne, mu ma ba mu ce a bar gwauruwar ikkilisiya da yunwa a kai hatsi waje ba. Amma a koma a karanta ayar daga farkonta, za a ga ya fara ambaton dukan mutane ne kafin ya zo kan masu bi. Fifiko daban, keɓewa daban. Uwa takan fara zuba wa 'ya'yanta, amma ba ta kife tukunya don almajiri ya yi sallama.

Na biyu ya fi nauyi, ba kuma za mu yi masa riƙon wasa ba. Suka ce, mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, mun kuma sha wuya. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an ƙone majami'u a garuruwa da dama na jihar Katsina. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, zanen da babu Kiristan Nijar ko ɗaya da ya sa hannu a cikinsa. Akwai waɗanda neman filin majami'a ko na maƙabarta ya zame musu tafiyar shekaru. Suka ce, yaya za mu riƙa shayar da mutanen da in rana ta ɓaci ba mu san ɓangaren da za su tsaya ba? Wannan ciwo ne na gaske, wanda bai kwana a barikin 'yan sanda da iyalinsa ba kada ya yi saurin yi wa mai faɗin haka wa'azi.

Amma mu tambayi kanmu, wace majami'a matar nan mai goyo ta ƙone? Tsohuwar da ta ba ta fura fa? In mun ɗora wa kowane Musulmi laifin 'yan zanga-zanga, mun yi daidai abin da aka yi wa 'yan'uwanmu na Damagaram, da aka ɗora musu laifin masu zane na Faransa. Sa'an nan kada mantuwa ta ɗauke mu. A ranar 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na ƙaramar hukumar Barkin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekaru sama da tamanin, ya ɓoye mutane 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da cikin gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girmamawa a 2019. Wannan bawan Allah da ransa ya yi caca. Mu abin da ake nema a wurinmu mabuɗin famfo ne. Ubangijinmu kuma ya riga ya rufe wannan gardama a Matta sura 5, inda ya nuna cewa Uba ba ya zaɓen gonar da zai yi wa ruwa. Wanda ya taɓa ganin hadari ya tsallake gonar maƙwabci ya sauka a ta mai bi kaɗai, ya zo ya ba mu labari.

Na uku shi ne tsoro. Abin da 'yan bindiga suka yi a Jibiya da Batsari da Safana, da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a watan Disamba na 2020, ya sa kowa na duban baƙo da ido biyu. Ba mu ce kowa ya shigar da wanda bai sani ba ɗakin kwanansa. Al'adarmu ta riga ta yi wa wannan magani: baƙon kwana a kai shi wurin mai unguwa, shi ya san inda zai sauke shi. Ruwa da ɗan tuwo a zaure kuwa ba su taɓa buɗe wa ɓarawo ƙofa ba.

Akwai wani kuskure kuma da ya fi ɓoyuwa, shi ne alheri mai ƙugiya a ciki. Wasunmu suna bayarwa, amma suna ƙirga ko mai karɓa zai bayyana ranar Lahadi. In wata biyu suka wuce bai zo ba, sai a ce ƙasa ce mai duwatsu, a janye hannu. Maƙwabtanmu ba wawaye ba ne, suna ganin ƙugiyar, shi ya sa wani zai gwammace ya kwana da yunwa da ya karɓi tiya daga hannun Kirista, don gudun abin da za a ce a masallaci. A cikin shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin jinyar masu cutar kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Amanawa a Sakkwato, da Yadakunya a Kano, a zamanin da ko dangi na gudun mai wannan ciwo. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi a Nijar. An zarge su a lokacin da cewa suna fakewa da magani don su sami tubabbu, ba kuwa za mu ce babu ƙanshin gaskiya a zargin ba. Duk da haka yawancin waɗanda aka wanke wa gyambo da addininsu suka zo, da shi suka koma gida, aka kuma ci gaba da wanke wa na bayansu. Abin da ya sa har yau tsofaffin Musulmi ke ambaton asibitin mishan da mutunci ke nan. A Luka sura 17 mutum goma aka warkar, ɗaya ne ya dawo godiya, ba a kuwa rubuta cewa cutar ta koma wa sauran tara ba. Bishara a faɗe ta a fili ga mai son ji, kada a ɗaure ta a bakin buhun gero.

To, mu sauko gona, don a nan ne yawancinmu ke cin abinci. Dā in an cire gyaɗa ko an roro wake, mata da yara sukan bi baya suna kala, babu mai kora. Yanzu da harawa da kara suka zama kuɗi saboda kiwo, sai ka ga an share gona tas kamar tsakar gida, yaro ya shiga a bi shi da sanda. Littafin Firistoci sura 19 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa da komawa tsintar abin da ya zube, ya ce rabon matalauci da baƙo ne. Ashe kala ba al'adar Hausa kaɗai ba ce, doka ce a rubuce. Rut da muke yabo a taron zumuntar mata, Bamowabiya ce, wato 'yar ƙetare, gwauruwa, da kala ta ci da kanta da surukarta a gonar Bo'aza, daga zuriyarta kuma Sarki Dawuda ya fito. Da Bo'aza irin manomanmu na yau ne, da an koro ta tun hantsi.

Haka batun 'yan ƙwadago. Samari na zuwa daga ƙetare lokacin noma da girbi, mun kuwa san akwai masu bi da ke rage musu lada don sun san ba su da wurin kai ƙara, ko a ce su dawo ran kasuwa, ran kasuwa ta zo a ce sai an sai da wake. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta ce a biya ɗan ƙwadago a ranar kafin faɗuwar rana, ta kuma ambaci baƙo da sunansa. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta fi haka zafi. Ƙananan 'yan mata masu aiki a gidajenmu fa, waɗanda ke cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi, suna wanke wa 'ya'yanmu kayan makaranta alhali su ba sa zuwa? Mutum ba zai yi waƙar yabo da ƙarfi ranar Lahadi ya rufe wannan ba. Ba sadaka ake nema a nan ba ma, hakki ne.

Ga abin da muke roƙon ikkilisiyoyin ƙasar Daura su duba, daga Zango har Baure da Mai'aduwa da Sandamu. Kowace kaka muna bikin godiya, a kawo dammunan gero da dawa da buhunan wake, a yi gwanjonsu nan take, a lokacin da hatsi ya fi araha a duk shekara, kuɗin ya tafi kwanon rufi ko kayan kiɗa. Wanda ya saya ya ɓoye, ya fito da shi a watan Yuli ya sayar wa membobinmu da tsada. A keɓe ko da kashi ɗaya cikin goma na hatsin nan a rumbu, kada a taɓa sai Yuli da Agusta, tsakanin shuka da fitowar sabon gero, lokacin da hayaƙi ke daina tashi a wasu gidaje. A bar rabon a hannun zumuntar mata, su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, su yi shawara da mai unguwa, a kai da magariba, kada a tambayi addini, kada a tara mutane a layi, kada kuma a ɗauki hoton mai karɓa a sa a Facebook. Kwanon rufi zai jira shekara guda. Mun san ma'ajin ikkilisiya ba zai ji daɗin wannan ba, mun kuma san dalilinsa, domin rufin namu ma yana yoyo.

Game da famfo, har yau da muke rubutun nan kwaɗon yana nan a rataye. Maganar kuɗin gyara gaskiya ce, ba ta kuwa gushe ba. Amma tun farko ba mu taɓa zuwa wurin mai unguwa da limamin unguwa mun ce ga halin da ake ciki ba, mu muka yanke hukunci cewa ba za su taimaka ba tun ba mu tambaya ba. A zaman dattawa na Lahadin farko ta wata mai zuwa za mu kawo shawara a cire kwaɗon, a kafa kwamitin mutum biyar, biyu daga majami'a, uku daga unguwa, kowane gida mai ɗiba ya riƙa ba da ɗan abin da aka yanka a wata, matafiyi da almajiri su sha kyauta. Mai yiwuwa ne a kayar da mu. In an kayar, za mu nemi a ba mu izini aƙalla mu kafa randa biyu a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin hanya, yaran makarantar Lahadi su riƙa cika su da safe kafin a kulle. Yaron nan da muka ce ya je ya zauna, shi za mu fara ba moɗa.